Injin Saƙar Kawu Istifanus

Ranar Litinin ta farko a dogon hutun makarantu, shekara uku da suka wuce, da ƙarfe tara saura kwata na safe, muka taru a tsohon ɗakin cin abincin ma'aikatan masaƙa da ke Kakuri. Akwai malaman kimiyya tara, malaman tarihi bakwai, sai ni Ladi, sai kawuna Istifanus, wanda ku malaman bita kuka fi sani da Baba Obasiya. Yana tsaye a bakin ƙofa da bokitin roba a hannu.

"A zuba biro a nan!" in ji shi. "Da littafi! Da waya!"

Don ladabi na ce "in ji shi". Ihu ya yi. Waɗanda suke wurin za su tuna mai gasa masara a tsallaken titi ta miƙe tsaye tana leƙe, ta zaci faɗa ake yi. Kawu bai san ƙarfin muryarsa ba, domin rabonsa da jin ta ya fi shekara ashirin. Malamai kuwa, da suka saba su ne ke ƙwace kaya a hannun ɗalibai, suka bi layi suna zuba birukansu a bokiti kamar masu ba da baiko a coci. Haka ya buɗe kowace bita har ya mutu.

Saboda waɗanda suka shigo cikinmu daga baya, bari in faɗi yadda abin ya faro. Kawu ya yi shekara talatin da ɗaya a ɗakin saƙa. Ya fara da sharar auduga, ya gama yana obasiya, mai saita injuna. Da aka rufe masaƙar, masu sayen tsohon ƙarfe suka shigo da wutar yankansu. Kawu ya roƙi manajan ƙarshe ya bar masa inji ɗaya. Ya kwance shi noti bayan noti, ya kwashe shi a baro cikin kwana goma sha ɗaya, ya sake haɗa shi a wannan ɗaki. Ya tara wasu tarkace a gefensa: katunan shiga aiki, samfurin atamfa, tsohuwar jiniyar tashi. Ya rubuta "Gidan Tarihi" da fenti a jikin ƙofa. An daɗe ana yi masa dariya a unguwa, har ranar da ƙungiyar da ke shirya wa malamai bita a gidajen tarihi ta ji labarinsa ta zo.

Abin da ya kawo su a bayyane yake. Iya saninmu, shi kaɗai ya rage a garin nan da zai iya saita wannan inji ya tashe shi, kuma ƙurar auduga ta riga ta gama da huhunsa. Likita ya faɗa mini a gabansa, yana kallon bango don kada Kawu ya karanta laɓɓansa, cewa kada mu yi dogon shiri. Idan malamai ba su koya daga gare shi ba, injin ya zama tarin ƙarfe, ba abin da za su nuna wa ɗalibai. Kawu ya yarda ya koyar, amma da sharaɗi: ba rubutu, ba ɗaukar murya, kuma mabuɗin ɗakin sai malamin da ya tashi injin da kansa ya saƙa yadi ɗaya ba tare da shi ya sa hannu ba.

Ni aikina tafinta. Kawu da ido yake jin magana, laɓɓa yake karantawa, kuma ya ce duk Kaduna ni kaɗai ce nake buɗe baki yadda ya kamata. "Shekara ashirin da takwas kina karanta labarai a rediyo," yakan ce, "ban ji ko ɗaya ba. Amma bakin ya gyaru."

Wanda ya fara shiga hannunsa shi ne Malam Sani, malamin tarihi daga Tudun Wada, mutum mai son bayani. Kawu ya miƙa masa ƙoshiya, wato katakon nan mai tsinin ƙarfe a kai biyu, wanda ke ɗaukar zare yana kai da komowa a cikin inji.

"Malam, me ka gani?"

Malam Sani ya gyara zaman hula. Ya fara da saƙar gargajiya, ya bi ta marinar Kano, ya ɗora wa raƙuma kaya, ya nufi Agadas. Ni kuma ina maimaita wa Kawu. Muna gab da shiga hamada sai Kawu ya ɗaga hannu.

"Kai, Malam! Na tambaye ka abin da ke hannunka, ka kai ni Agadas. A ƙafa za mu dawo?"

Ɗaki ya ɗauka da dariya. Kawu bai yi ba.

"Dubi tsinin."

"Ya lanƙwashe, Baba."

"Me ya lanƙwasa shi?"

Kawu ya amsa da kansa.

"Ginshiƙi. Ta ƙwace daga inji ta tashi sama. Amma kafin ta kai ginshiƙin sai da ta bi ta idon Ayuba, abokin aikina."

Dariya ta ɗauke. Kawu ya juya ga Malama Rifkatu, mai koyar da kimiyya a wata sakandare a Trikania. "Ke mai kimiyya, yaya aka yi ɗan katakon nan ya fasa ido kuma ya lanƙwasa ƙarfe?"

Malama Rifkatu ta soma zuba Turanci, da nauyi da gudu da sunayen Turawa.

"Idon Ayuba bai ji Turanci ba! Faɗa mini yadda za ki faɗa wa ɗan aji ɗaya."

Sai da ya sa ta ari sikelin mai shinkafa ta auna ƙoshiyar, ta tsaya da agogo ta ƙirga sau nawa take wucewa a minti ɗaya, sannan ya ƙyale ta. Malam Sani kuwa, ya ce masa ya shiga keke ya je ya nemo Ayuba ya ji daga bakinsa.

"Yana da rai, Baba?"

"Yana Sabon Tasha yana sayar da gawayi. Tarihinka ke nan, da ido ɗaya. Kai kana can Agadas."

Malam Sani ya je. Ya dawo da yamma bai yi wa kowa bayani ba, abin da ba mu taɓa gani ba.

A bita ta biyu ƙungiya ta kawo mana wani Dakta daga Abuja, masanin adana kayan tarihi. Mutum ne mai kirki, kuma ya san aikinsa, wannan sai in faɗa. Ya zo da fararen safar hannu na mutum ashirin, da ƙananan alluna masu rubutun "Kada a taɓa". Ya yi wa malamai bayani cewa gumin hannu yana cin ƙarfe, kuma duk lokacin da aka tashi injin ana rage masa kwana. Shawararsa ita ce a share masa mai, a daina kunna shi, a kewaye shi da igiya.

Na maimaita wa Kawu kalma bayan kalma. Ya saurara da idonsa har ƙarshe. Ya karɓi safar hannu ɗaya, ya juya ta, ya shafa, ya gyaɗa kai.

"Auduga ce mai kyau. Na gode, Dakta. Da ma tsummana ya ƙare."

Ya durƙusa ya goge baƙin man da ke ɗiga a gindin injin da ita.

Dakta ya ce, "Baba, mu so muke jikokinka su zo su gan shi."

"Su ga me? Ƙarfe? Ga ƙarfe can a bakin gada, tuli guda. Inji in ba ya motsi gawa ne, ni kuma ban buɗe maƙabarta ba."

Kashegari da muka iso mun tarar ya yi amfani da allo ɗaya. Ya rataya shi a jikin kular abincinsa. Kai, Kawu! Dakta ya tsaya ya daɗe yana kallon kular, can ya ce, "To, aƙalla an adana wani abu." Ya koma Abuja da sauran allunan.

Wanda ba zan manta ba shi ne darasin ƙara. Kawu ya sa aka rufe tagogi, ya raba malamai gida biyu, waɗannan a wannan bango, waɗancan a wancan, ya ce kowa ya aika wa na tsallakensa saƙo. Sai ya tashi injin. Wanda bai taɓa tsayawa kusa da injin saƙa ba, ba zan iya kwatanta masa ba. A haƙori ake jin sa. Malamai suka yi ta ihu, jijiyar wuya a waje, ba wanda ya ji wani. Minti goma ya bar su a haka.

Ana cikin wannan Malama Rifkatu ta karkata ga ta kusa da ita ta yi wata magana. Da ya kashe injin, Kawu ya nuna ta da sifana daga can ƙarshen ɗaki.

"Malama, tsohon nan bai haukace ba tukuna. In ya haukace zan aiko miki."

Wayyo! Ta rufe fuska da gyale. A nan malamai suka gane cewa duk gulmar da suka yi ta yi a gabansa tun ranar farko, suna cewa ai ba ya ji, yana nan yana karantawa kamar jarida.

"Wannan inji ɗaya ne," in ji Kawu. "Mu a cikin ɗaruruwansu muke wuni. Da baki muke magana ba murya, daga wannan layi zuwa wancan. A haka ake gaisuwa, a haka ake zagi. A haka na nemi auren matata, tana layi na uku ina na bakwai."

Wata malama ta ce, "Ashe har da daɗinsa, Baba."

"Akwai. Ranar da za ta rasu ta yi mini magana mai tsawo. Sai dai ta juya fuska wajen bango, ciwo ya hana ta juyowa. Ina ganin haƙarƙarinta yana motsi. Har yau ban san me ta ce ba." Ya goge hannu. "Mai kimiyya, gobe ki zo mini da bayanin abin da ƙara ke yi wa kunne. Da Hausa."

Yanzu sai in faɗi nawa laifin. Tari yana ƙaruwa, bita tana wucewa, ba wanda ya kusa saƙa yadin nan. Na ce da kaina, ni 'yar rediyo ce, ba zan zauna ina kallo ilimi ya bi mutum ƙasa ba. Ranar da zai koya wa Malama Rifkatu yadda ake gane lafiyar inji, na zuba tsohuwar wayata a bokiti, na ɓoye rakoda a jaka, na aje jakar a kan benci kusa da su. Na koma gida ina jin na yi wa ƙasa aiki.

Na kunna. Minti arba'in na ƙarar inji. Tari sau goma sha huɗu, na ƙirga. Magana ɗaya tak, ita ce, "A'a! Nan!"

Ashe duk darasin da hannu aka yi shi. Kamo tafin hannunta yake yi ya ɗora a jikin ƙarfe, ya matsar da shi nan, ya matsar can, ta ji yadda yake rawa. Shi da ba shi da kunne, da tafin hannu da tafin ƙafa yake jin inji, shi ya sa ba ya sa takalmi a ɗakin. Ni kuma na kai rakoda.

Da safe ya tare ni a ƙofa. "'Yar rediyo, yaya shirin namu? Ya yi daɗi?"

"Kawu, ka gani ashe?"

"Jaka mai jan ido tana ƙyaftawa? Kurma ne ni, ba makaho ba."

Na faɗa masa gaskiyata. Na ce, "Kawu, kana tari da jini. In ka tafi fa? Bari a rubuta ko kaɗan ne."

Ya zauna a kan benci, ya jira numfashinsa ya dawo. "Ladi, a masaƙa akwai kabad shida cike da littattafan injuna. Komai an rubuta, har da zane. Wata uku da rufewa na sayi tsire a bakin tasha. Na buɗe takardar, sai ga injina, shafin saitin bel, mai ya jiƙa shi. Na ci tsire a cikin littafin injina, Ladi. Da yaji."

"To ai hannu ma ruɓewa yake yi, Kawu."

Ya dube ni. Ina ganin ya karanta sarai. Ya ce, "Ba ki buɗe baki da kyau ba, ban gane ba."

A hutun bara aka yi jarrabawar mallakar mabuɗin. A kujera aka shigo da Kawu, mutum biyu suna ɗauke. Ba wuta, sai da Mista Okeke makanike ya turo mana janaretansa. Cikin duk malaman da suka ratsa bitar, biyu ne suka tsaya: Malama Rifkatu da Malam Sani. Ita ta fara. Ta zuba mai, ta ja bel, ta ɗora hannu, ta tashi injin lafiya lau. Bai yi minti biyu ba zare ya tsinke. Ta ƙulla, ƙullin ya zame. Ta sake, ya sake zamewa. Malam Sani ya karɓa. Shi ƙullin masaƙa yake yi kamar a ciki aka haife shi, ƙarami, ba ya zamewa, amma da ya kama hannun injin sai ya saki ya ja da baya, tun ranar da ya ga Ayuba haka yake. Suka dubi juna. Ita ta riƙe inji, shi ya tsaya a kan zare. Ƙarfe ɗaya da minti goma na rana aka yanke yadi ɗaya da 'yan kai.

Kawu ya sa aka kawo masa. Ya ɗaga shi wajen haske, ya bi shi da yatsa, ya sami wuri uku da zare ya yi tsalle.

"A zamaninmu wannan sai dai a goge inji da shi."

"Baba, mun ci ko mun faɗi?" in ji Malam Sani.

"Na ce mutum ɗaya. Ku biyun nan in an haɗa ku kun yi mutum ɗaya. Shi ma rago." Ya ciro mabuɗi daga wuyansa ya jefa a tsakaninsu. "Ku yi faɗa a kai."

Muka yi ta tafi. Ni ma na yi, domin na ɗauka an gama.

Sati biyar bayan haka yana kwance a asibiti, da safe, ya kamo hannuna. Muryar nan da ke tsallake titi ta koma sai na sunkuya.

"Akwai abu ɗaya da ban nuna musu ba. Sandar da ke buga ƙoshiya. Saitinta yana gocewa a hankali. Na ce sai sun iya na farko tukuna."

"Nuna mini, Kawu."

Ya kama wuyan hannuna yana bugawa da yatsa biyu, yana murɗa wani noti a iska da ɗaya hannun. Ya buga, ya tsaya, ya buga. Ya dube ni. Na ce ya sake. Ya sake har sau huɗu. Na yi iyakar ƙoƙarina, Allah ya sani, amma ni bugu kawai nake ji.

Ya saki hannun. "Ke kunne gare ki. Hannunki kurma ne. Kira mini mai kimiyya."

Na kira. Malama Rifkatu tana tsaron jarrabawa, wayarta a kashe a ofishin shugaban makaranta. Na kira Malam Sani, ya ce ga shi nan, ya bar aji ya bi ta Trikania, ya jira aka tashi daga jarrabawar, ya ɗauko ta. Sun iso ƙarfe huɗu saura minti biyar. Kawu ya cika ƙarfe uku da kwata.

Kun roƙe ni in rubuta abin dariya game da shi, na kuwa rubuta abin da na iya. Amma aikin da na yi ya koya mini in faɗi labari yadda yake. Kawu yana da gaskiya da ya ce akwai abin da takarda ba ta ɗauka, duk wanda ya ɗora hannu a jikin injin nan ya san haka, kuma azuzuwanku sun canza saboda shi. Ya kuma yi kuskure da ya ɗauka lokaci zai jira shi ya gama tsara darussansa ɗaya bayan ɗaya. Na faɗa masa yana da rai, shi ya sa nake iya faɗa yanzu.

Ya Ubangiji, ga bawanka Istifanus, mai taurin kai, mai ihu, wanda bai taɓa cin haƙƙin kowa ba. Ka gafarta masa, ka ba ƙirjinsa hutu. Ka buɗe masa kunnuwansa, ka sa abu na farko da zai ji ya zama mai taushi. Amin.

Injin ya yi aiki wata biyar bayan rasuwarsa, ɗalibai daga makarantu goma sha ɗaya suka zo suka gan shi yana saƙa. A wata na shida ƙoshiya ta fara makara a hanya, Malama Rifkatu ta kashe shi don kada ta tashi ta sami wani. An aika neman mai saiti har Kano da Funtuwa, ba a samu ba. An yi bitar bana a ɗakin, da malamai ashirin da biyu, injin yana tsaye.